Kwalba Biyu Da Ɗan Aji Huɗu

Na ga irin kallon da kuke yi mini. Tun ban rufe baki ba wani ya tura hularsa ƙeya ya ce, "To fa! Yau kuma da kimiyya aka tashi? Yaron da bai gama haddace sau bakwai ba, shi ne zai yi mana bincike?" Can gefen majalisa kuma wani ya furzar da ɓawon rake ya ƙara da cewa, "Malam, a ajin su Ɗanlami ko benci babu. Ka fara kawo mana benci tukuna, sai mu yi zancen ɗakin gwaje-gwaje."

Na ji, kuma ban musa ba. Bencin babu. Wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, in ta zo sai an yi mata sannu da zuwa. Amma ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, ku mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan, domin ina zargin kun zama kazar nan ta karin magana, wadda ta kwana da yunwa a kan dami.

Bari in fara tsokanar waɗanda suke ganin suna tare da ni, don kada a ce na yi son kai. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin baje kolin ayyukan ɗalibai ya san abin da ake jerawa a kan tebur: gidan kwali mai bene biyu, motar gwangwani, jirgin sama da aka manna wa farfelar tsohuwar rediyo. A tsayar da yaro a gabansu da sabon ɗinki, ya karanto jawabin da aka rubuta masa da Turancin da shi kansa bai san inda ya dosa ba, manyan baƙi su tafa. Da za ka ja shi gefe ka ce, "Tsakaninka da Allah, wa ya yi wannan?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yayana ne." Ban raina ƙira ba. Mu ma mun yi motar kara, mun ja ta da zare har bayan gari, kuma hannun da ya iya motar kara shi ne gobe zai iya gyaran injin ban ruwa. Sai dai gidan kwali bai tambayi komai ba, bai kuma amsa komai ba. Ado ne.

Abin da nake kira aikin kimiyya ga ɗan firamare ya fi wannan arha, ya kuma fi shi fitina. Tambaya ɗaya, kwalba biyu, da littafin rubutu mai ganye ashirin. A zuba abu iri ɗaya a kwalaben nan, a bambanta su da abu guda tak, a jira, a ƙirga, a rubuta. Shi ke nan. Kwalba ta biyu ita ce sirrin duka. Mai kwalba ɗaya labari yake bayarwa. Mai biyu kuwa shaida yake kawowa. Kuma ai ba ni na ƙirƙiro ba, kakanninmu ne suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mun riƙe maganar a baka, mun bar gwadawar ga wasu.

Kai mai raken nan, da kai zan fara, tunda kai ka fi ɗaga murya. Wane ɓangare na rake ya fi zaƙi? Kada ka yi dariya. Na san amsarka: gindi. Duk yaron Maƙarfi ya san haka tun kafin ya yi famfara, shi ya sa in aka raba kara guda tsakanin wa da ƙane, ƙanen ne yake ƙarewa da kai. To, da nawa ya fi? Nan fa ɗaya. Kun shekara aru-aru kuna noman rake, kuna lodinsa a manyan motoci zuwa garuruwa, kuna dafa mazarƙwaila tun zamanin da doki ke juya injin matsa, amma "da nawa" ta gagare ku. Ɗan aji huɗu zai iya amsa ta da tsinken robar shan lemo. Ya toshe ƙasan tsinken da kakin kyandir, ya zuba 'yar yashi a ciki har ya riƙa tsayawa cak a cikin ruwa, ya yi alama da biro a inda ruwan rijiya ya tsaya masa. Sai ya daka gaɓoɓin gindi a turmi ya matse a ƙyalle mai tsabta, ya daka na kai daban. In ya jefa tsinken a ruwan raken kai, zai ɗan taso sama da alamar. In ya jefa shi a na gindi, zai ƙara tasowa. Ruwan da ya fi sukari ya fi nauyi, mai nauyi kuwa ya fi ɗaga abin da ke yawo a kansa. Da rula zai auna bambancin, ya rubuta.

Kafin ka ce wasan yara ne, ka sani da irin wannan ma'auni mai yawo a ruwa masana'antun sukari suka daɗe suna tantance zaƙin rake, kuma sikelin da suke karantawa sunan wani Bajamushe na ƙarni na 19 yake ɗauke da shi, Adolf Brix. Shi ya bar suna a duniya da abin da ku kuke tsotsewa ku zubar. Dalilin zaƙin gindin ma ba ɓoyayye ba ne: ganye ne ke haɗa sukari da hasken rana, kara ya adana shi a tsofaffin gaɓoɓi, kai kuwa yana kan girma, cinye nasa yake yi. In yaron ya ji daɗin aikin, gobe sai ya gwada raken fadamar Gimi da na Hunƙuyi. Ranar nan kam sai an shiga tsakani, domin duk garin da tsinke ya kayar cewa zai yi an yi maguɗi.

Inna, ke kuma na ga kin kama haɓa kina cewa, "Mu dai ba ruwanmu, ba mu yi boko ba." Inna, da girmanki, ke ce shugabar sashen haɗa sinadarai ta gidan nan, takardar shaida ce kawai ba a ba ki ba. Wa ke jefa 'yar kanwa a miyar tumatir don ta kashe tsami? Wa ke sa ta a wake don ya yi saurin nuna? Ba banza aka ce mata uwar gami ba. Ba jikanyarki aron zoɓo kaɗan, a jiƙa shi ya yi ruwa-ruwa, a raba shi kofi uku na gilashi. Na farko a bar shi yadda yake, shi ne mai shaida. Na biyu a matsa masa lemon tsami: jansa zai ƙara haske. Na uku a zuba masa jiƙaƙƙiyar kanwa: nan take zai yi duhu, ya juya wajen kore-kore, kamar ba zoɓo ba. Sai kuma abin da ke sa yara ihu: a matsa lemon tsami a kan mai kanwar, ya yi kumfa yana tsiyaya, jan ya dawo. Kumfar nan iska ce, ita ce dai wadda ke cikin lemon kwalba, ita ce ke tayar da ƙullin burodi da na fanke.

Daga nan yarinya ta samu ma'auni. Ta bi gida da zoɓonta tana ɗigawa: ruwan tsamiya, ruwan toka, nono, ruwan omo, ruwan rijiya. Ta ja layi a littafi, dangin tsami a hagu, dangin kanwa a dama, waɗanda ba su canza komai ba a tsakiya. Wani Bature masani a Ingila, Robert Boyle, ya rubuta irin wannan gwaji a 1664 da ruwan wani fure mai launin shuɗi, har yau ana ambatonsa a littattafai. Mu namu furen shanye shi muke yi da ƙanƙara. Sharaɗi dai guda, Inna: abin da aka gwada ba a sha, kuma ruwan batir da sodar yin sabulu ba kayan yara ba ne, ko kusa.

Alhaji, ranka ya daɗe, na san kai ba ka son dogon zance. Tambayarka ita ce, "Nawa za a samu?" To, ga lissafi. Bara ka shuka masara, ta fito gibi-gibi, ka ce ɓera ne, ka ce tsuntsu ne, ka ce ruwan shuka ne bai jiƙa ƙasa ba, ƙarshe ka ce bakin mutane ne. Wataƙila duk da gaskiyarka. Amma da ka ba ƙaramin ɗanka ƙwaya 100 daga irin nan mako biyu kafin shuka, ya jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, ya rufe, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, ranar bakwai ya ƙirga waɗanda suka tsira, da ka san halin irinka tun yana cikin buhu. In 90 suka fito, ka shuka da kwanciyar hankali. In 55 ne, ka san kusan rabin ramukanka kabari ne. Ya jera na rumbu a gefe guda, na kasuwa a gefe, wanda aka sayo a leda mai tambari a gefe. Yaron da ya ƙirga da hannunsa ba zai sake tambayar malamin lissafi mene ne "kashi cikin ɗari" ba. Kuma irin wannan ƙirga masu binciken iri suke yi a Samaru, inda aka kafa tashar binciken noma tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Nan ne fa, bayan gidanku. Daga Hunƙuyi ko man babur na kirki ba za ka ƙona ba.

Ga kuma wake, abokin gabar ɗan kasuwa. Kwalba huɗu, kowacce da wake gwangwani ɗaya daga buhu guda. Ɗaya a rufe bakinta da ƙyalle kawai. Ɗaya a gauraya da toka. Ɗaya da dakakken barkono, tunda akwai masu rantsuwa da shi. Ta huɗun a cika ta har wuya, a murɗe murfin tam, kada a buɗe ko sau ɗaya. Bayan wata biyu a zazzage, a ɗebi ƙwaya 100 daga kowacce, a ƙirga masu huda. Ba zan gaya muku yadda toka da barkono za su ƙare ba, ku bar yaran su yi muku alƙalanci. Ta huɗun kuwa an riga an san labarinta: ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, yana numfashi kamar ni da kai, in ya shanye 'yar iskar da ke cikin kwalba sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, ba komai ba ne illa kwalbar yaron nan da aka ƙara wa girma. In kana ganin ƙaramin al'amari ne, ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Su sun ƙi, mu muka ci. Allah dai ya kiyaye.

Yanzu sai mutanen Ikara, waɗanda suka yi shiru suna jiran a zo kan tumatir. Kuna da kamfanin sarrafa shi tun farkon shekarun 1980, kuna da fadamu, kuna kuma da baƙin cikin da kowane manomin rani ya sani: ranar da kaya ya yi yawa a kasuwa, kwando ya faɗi warwas, abin da bai shiga mota ba a yanka shi a shanya a bakin titi ya zama kauɗa, ƙurar kowace tirela ta sa masa albarka. Akwai tambayoyi a nan da za su ishi aji guda har shekara ta zagayo. Kilo ɗaya na ɗanyen tumatir, nawa yake komawa in ya bushe ƙarau? Aron sikelin mai shago kawai ake bukata, kuma yaro zai sha mamaki, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Wato direban da ya ɗauko kwanduna daga Ikara zuwa Legas, galibin abin da ya sha wahalar kaiwa ruwan fadama ne. Wanne ya fi saurin bushewa, na ƙasa ko na kan gadon kara da iska ke ratsawa ta ƙarƙashi? Wanne ya fi yashi in an jiƙa an tace?

Ba ku manta da 2016 ba, na tabbata, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta share gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla a Sifen a 2006, cikin shekara goma ta iso mana. Uwar tsutsar ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. To, a ajiye baho biyu a gefen gona da magariba, kowanne da ruwa da ɗan omo, ɗaya a rataya masa fitila mai caji a kai, ɗaya a bar shi a duhu. Da safe a ƙirga abin da ya faɗa. A yi haka kullum har wata guda. Yaron da ke da wannan littafi zai riga babansa sanin makon da baƙuwar ta sauka.

Sai labarin da nake so ya ɗan sosa muku rai. Mohammed Bah Abba, jikan magina tukwane, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse a Jihar Jigawa. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa na tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Yalon da ke yaushi cikin kwana uku ya kai kwana 27. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000. Dala dubu saba'in da biyar, jama'a, a kan tukunya biyu da yashi! Ilimin da ke ciki kuwa shi ne na randar da ke kusurwar ɗakin kakarka, wadda ka sha ruwanta tun kana rarrafe ba ka taɓa tambayar me ya sa ya fi na bokiti sanyi ba. Kuma ku lura da inda mutumin ya fito: Jigawa, wadda sai a 1991 aka yanke ta daga Kano. Wato ƙanen Kanawa ne. Mu Zage-zagi da muke yi musu gorin karatu, muna taƙama da jami'a da dogon Turanci, muna zaune ɗan gidansu ya zo ya wuce da randa. In wannan bai hana ku barci ba, ni ya hana ni.

Ɗiyarka za ta iya maimaita aikinsa da tumatir goma a cikin tukwane, goma a faranti a ɗaki guda, ta riƙa dubawa kullum tana rubuta ranar da kowanne ya lalace. Kada ku wahalar da kanku da ma'aunin zafin jiki na kemis, shi iyakarsa zazzaɓi, ba ya sauka ƙasa sosai. Ƙirgen kwanaki ya wadatar. In tana da naci, ta yi gwajin a watan Maris, ta sake a watan Agusta. Za ta tarar tukunyar da ta yi abin kirki da bazara ta zama 'yar kallo da damina, saboda iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar wani. Ranar da ta gano haka da kanta, ta fi mai gidan kwali nisa, ko da benensa bakwai ne.

Allah gafarta Malam, na ga tun ɗazu kana jan carbi kana murmushi, irin murmushin da ke nufin "duk wannan boko ne." Ai kuwa kai ne ka riga kowa. Wa ya koya mana cewa azahar tana shiga in rana ta gota daga tsakiyar sama, la'asar kuma in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali? Kafin agogo ya zo ƙasar nan, da taku malamai suke auna inuwa. Wannan awo ne tsantsa, na sanda da ƙasa da ido. Sai dai almajiran yanzu sun bar wa waya, in cajinta ya ƙare sai a tambayi maƙwabci. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, a daidaita ta da zare mai dutse don kada ta karkace, yaro ya riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarta duk bayan rabin sa'a. Inda ta fi gajarta, nan ne zawali, kuma zai ga ba ƙarfe sha biyu daidai ba ne; a yankinmu wajen sha biyu da rabi ne, yana ɗan gaba yana ɗan baya bisa ga watanni. In ya ci gaba mako-mako zai ga abin da ya fi haka: da hunturu inuwar tsakar rana arewa take faɗawa, doguwa, da tsakiyar damina kuwa kudu take komawa. To, a hanyarta ta sauya sheƙa, dole akwai ranar da ba ta arewa ba ta kudu. Garuruwan nan uku suna kan daraja 11 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana take bi ta kan tsakar kanmu sak: wajen 19 ko 20 ga Afrilu, da kuma wajen 23 ko 24 ga Agusta. A ranar, da zawali, sanda ba ta da inuwa.

In yaron yana da ɗan'uwa a Legas, ya buga masa waya ya ce shi ma ya kafa tasa sandar ya jira nasa zawalin. Shi zai ga inuwa ta wajen santimita 8, tana kallon kudu. Rana ɗaya, sanda iri ɗaya, nan babu, can akwai. Da irin wannan bambanci tsakanin Aswan da Iskandariyya wani masani a Masar, Iratostinis, ya lissafa faɗin zagayen duniya fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Kuma Malam, tunda na san ka fi sakin jiki da mutanen gida, ga Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, mai Kitabul Manazir. Shi ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana abin da ke waje a bango, kai a ƙasa. Gwangwanin madara, huda ɗaya ta ƙusa a gindi, farar leda a ɗaure a baki, yaro ya lulluɓa da zane ya saita bishiyar dalbejiya: ga ta nan a kife. Rana ce kawai ba a kallo, ko ta gwangwani ko da ido.

Saura ɗan boko mai tabarau, wanda ya fi kowa wuyar sha'ani. Shi ba ya musun kimiyya, malaman yake musu. Zai tuna mini cewa a 2017 gwamnatin jihar nan ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta gindaya ba a jarrabawar da ta yi musu, aka yi ta ƙura. Yallaɓai, na tuna, kuma ba yau za mu sake wannan shari'a ba, ko da yake na san Bazazzage ba ya ƙin zaman kotu. Abin da zan ce shi ne, duk ayyukan da na lissafa babu wanda ke bukatar malami ya san amsa tun farko. Abin da ake nema gare shi ya iya cewa, "Ban sani ba, mu gwada." Na yarda wannan jimla tana da nauyi a bakin babba, musamman a gaban yara saba'in. Mun taso a tsarin da malami ke rubuta "Iska tana da nauyi" a allo, mu kwafa, mu haddace, mu zuba a jarrabawa, mu manta, ba wanda ya taɓa hura balan-balan. Darasin kimiyya yana nan a manhajar firamare, ba sabon abu na kawo ba. Kwalbar ce dai ba ta shiga aji ba.

Sauran sai in bi su da gudu, don na ga rana ta yi. Gorar ruwa mai miƙaƙƙen jiki da aka yanke wa kai, da rula, a tsakar fili: ga ma'aunin ruwan sama, kuma milimita ɗaya a cikinta daidai take da lita 10,000 a kan hekta guda. Da makarantu uku za su riƙe wannan littafi shekara biyar, da an huta da gardamar "bana ruwa bai kai na bara ba," wadda ake yi kowace shekara tun ina yaro. Ƙasar jigawa da ta fadama a kwalba biyu, a cika da ruwa a girgiza a ajiye: yashi ya kwanta nan take, laka ta kwana biyu tana shawara, masu inabin Kudan su zo su ga abin da saiwarsu ke ciki. Ruwan rafi mai dauɗa kofi uku, ɗaya da garin ƙwallon zogale, ɗaya da alimun, ɗaya haka nan, a ga wanda zai riga kwantawa. A kuma gaya wa yara ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayar cuta ta mutu, sai an tafasa.

Amma fa na san ainihin abin da kuke tsoro, kuma ba benci ba ne. Tsoronku ranar da ɗan shekara tara zai zo da littafinsa, ya durƙusa da ladabi, ya ce, "Baba, barkonon nan da kake sawa, na ƙirga." Gardamar majalisa daɗinta shi ne ba ta ƙarewa, kowa ya tashi da gaskiyarsa a aljihu, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Kwalba biyu kuwa ba ta san girma ba, ba ta san wanda ya je Makka sau uku ba. Ta iya kunyata Baba, ta iya kunyata malamin gona, kuma sau da yawa ta iya tabbatar da cewa Inna ce mai gaskiya tun farko. Ni kaina ta taɓa kayar da ni a gaban 'ya'yana a kan wata magana da na shekara ashirin ina faɗa da ƙarfin gwiwa, kuma ba zan gaya muku ko wacce ce ba.

Ga tayin da zan yi muku, ku masu tura hula ƙeya. Ba sai kun sayi komai ba, ba sai an buɗe makaranta ba. Ranar 19 da 20 ga Afrilu mai zuwa, ku ba yaro taɓarya ko gorar ruwa, ya tsayar da ita tsaf a daɓen tsakar gida tun ƙarfe sha biyu, ku ja kujera ku zauna a gefe har ƙarfe ɗaya. In a tsakanin nan inuwarta ba ta shige ƙarƙashinta ta ɓace ba, ku neme ni ranar kasuwar Maƙarfi, rake guda ne a kaina ga kowane mutum, kuma daga gindi. In kuwa ta ɓace, littafi mai ganye ashirin da biro ɗaya za ku saya wa yaron, ku kuma ba shi aron kwalaben.